Hular da Sada Ya Bari a Rumfata

Ku samarin da ke cika mini benci da la'asar, kowa kansa sunkuye a kan waya, kun ɗauka wankin hula ruwa ne da omo kawai. Kwanaki ɗan maƙwabcina ya ce da zai samu baho biyu da buroshi, da tuni ya buɗe tasa rumfar ya kwashe mini mutane. Na ce bisimilla, na miƙa masa wata tsohuwar zanna tawa. Yaron nan ya naɗe hannun riga ya dirje ta kamar yana wanke tayar babur. Da ta bushe, jan zaren ya malala cikin fari, bakinta ya saki, ko kan kabewa ba za ta kama ba. Ga ta can rataye a ƙusa har yau, duk wanda ya raina aikin nan ita nake nuna masa.

Sunana Lawal, amma a Daura in ka ce Lawal mai hula an fi saurin nuna maka ni. Rumfata tana gefen hanyar da ake bi zuwa Kusugu, ƙarƙashin wata dalbejiya da na tarar ta riga ta girma. A nan na koyi aikin wurin ƙanen mahaifiyata, Kawu Ilu, a nan kuma furfura ta same ni. Ranar da aka kai ni wurinsa na zaci washegari zan fara wanki. Ashe ɗebo ruwa zan yi ta yi, da hura gawayi, da korar awaki kada su lashe sitaci a jikin hulunan da aka shanya. Sai da damina ta zo ta wuce kafin ya bar ni na taɓa hular mutum, ita ma ta wani mai sayar da rake ce da ba shi da faɗa.

Abin da ya fara koya mini shi ne sansana hula. Yakan juya ta ya kai ta hancina ya ce in faɗa masa sana'ar mai ita. Gumin manomi yana barin farin gishiri a bakin hula. Ta ɗan kasuwa mai ne da turare. Ta mahauci kitse, mai cin goro kuwa jan tabo yake bari a gefen da yake kama ta da yatsa. Kowace da jiƙon da take so. Mai maiƙo sai ruwa mai ɗumi, mai gishiri sai ta jima a ruwan sanyi, tabon goro sai lemun tsami. Kafin hula ta shiga baho, za ka jiƙa farin ƙyalle ka goga a wani lungu na ciki ka ga ko zaren yana zuba. In yana zuba, ita kaɗai za a wanke, da sauri, a kuma shanya ta a inuwa. Buroshi bin ɗinki yake yi, ba ya gitta shi. Wanda ya gitta ɗinki ya tayar da gashin zare, hula ta tsufa a hannunsa cikin yini ɗaya.

Bayan wanki sai sitaci. A zamanin Kawu da ƙaro ake yi, yanzu mun koma sitacin rogo. In ya yi kauri hula ta zama kamar kwali ta yanki goshin mutum, in ya yi ruwa ta kwanta kafin a sauko daga Juma'a. Daga nan sai ta hau kan itace, wato guntun icen nan da aka sassaƙa daidai kan mutum, kowanne da lambarsa. Guda tara na gada a wurin Kawu, uku daga ciki sun girme ni. A kansa take bushewa, a kansa ake buga ta da ɗan mabugi har zaren ya kwanta ya yi sheƙi, sannan a ɗora ƙyalle a bi ta da dutsen guga a fitar da kari. Wanda ya ɗora hular mai babban kai a kan ƙaramin itace, shi da mai hular sai dai a raba su.

Kawu yana da doka ɗaya da ba ya sassautawa ko ga wa: hula ba ta shiga ruwa sai mai ita ya ce a wanke. Ya faɗa mini inda ya samo ta. Yana saurayi wani mutumin Zango ya ajiye hularsa a rumfa don hadari ya haɗo, ya ɗaura rawani ya shiga kasuwa. Kawu ya ga ta yi dauɗa, ya ce bari ya yi masa alheri. Ashe akwai laya da mahaifin mutumin ya ɗinke masa a cikin bakin hular tun yana yaro. Ruwa ya shiga, tawada ta narke ta fito baƙi ƙirin. Mutumin bai zage shi ba, bai kuma ɗaga murya ba. Ya ɗauki hularsa a jiƙe ya tafi, kuma har ya mutu bai sake bi ta hanyar nan ba. Kawu ya ce da mari ya sha da ya fi masa sauƙi.

Kasuwarmu ta fi ci a shekarun da aka ƙaddamar da Shari'a. Samarin da a da ba su san komai ba sai hular hana-sallah, kowa ya nemi ƙube ko zanna ya kafa, har da waɗanda ba su san gabanta da bayanta ba. Ran Alhamis igiyoyina ba sa ɗaukar shanya, sai na jera wasu a kan katangar maƙwabci. A lokacin Kawu ya riga ya rasu, ni ke riƙe da rumfa. A cikin waɗannan shekarun ne Sada ya tashi daga yaron da ake aikowa ya zama mai kawo tasa hular.

Sada ɗan Malam Rabe ne, dillalin shanu da ke cin kasuwar Mai'aduwa da ta Zango. Malam Rabe mutum ne dogo, mai ƙarancin magana, wanda in ya ce saniya ta kai kaza, to ta kai. Ɗan nasa kuwa ban san inda ya ɗebo surutu ba. Tun yana ƙarami in ya kawo hulunan babansa ba ya tafiya sai ya cinye mini gyaɗar da na ajiye, ya kuma tsoma yatsa a tukunyar sitaci ya ɗanɗana. Kawu Sitaci yake ce mini, har sunan ya so ya bi ni. Kunnuwansa manya ne, in ya kafa hula sai su fito gefe-gefe, ni kuma da su nake rama tsokanar. Ina son yaron nan ƙwarai, ba na ɓoyewa.

Mahaifiyarsa Dije tana cikin matan da suka fi iya ɗinkin hula a unguwarsu. Ban taɓa ganin fuskarta da kyau ba, amma ko cikin huluna ɗari aka jefa aikinta zan tsamo shi. Ta ƙarshe da ta ɗinka kafin ciwo ya kwantar da ita ta Sada ce, farar ƙube mai zare kore da ruwan toka. In ka duba da kyau za ka ga gefe ɗaya ɗinkin ya fi ɗaya matsewa, don a lokacin da ta kai wancan gefen hannunta ya fara rawa. Ta gama ta, ba ta jima ba Allah ya yi mata rasuwa. Sada yana da huluna da yawa, amma Juma'a da Sallah wannan kaɗai yake sawa.

Da ya ce zai shiga soja, Malam Rabe ya so ya hana. Shi burinsa yaron ya gaje shi a kara, wurin cinikin shanu. Sun yi watanni ba sa haɗa ido. Amma ranar da Sada ya dawo daga horo cikin kaki, sai ga dattijon nan da ba ya magana ya zagaya da shi har wurina, wai sun zo karɓar hula, alhali babu hularsu ko ɗaya a rumfa.

Tafiyarsa ta farko waje Sudan aka kai su, aikin kiyaye zaman lafiya. Ya tafi da hular Dije cikin jaka don sallar Juma'a. Da ya dawo hutu ya ciro mini ita, na kusa yin kuka. Ta yi ja da ƙasar can, ta yi laƙwas, ga shi ya wanke ta da kansa da sabulun wanka, ya kuma matse ta kamar tsumma. Na yi masa faɗa sosai, shi kuwa yana ta dariya yana cin gyaɗata. Ya ce in gode Allah ma da ta dawo, don wani saurayin sojan Turawa, mutumin Ostireliya, ya nace sai sun yi musaya. Shi tasa hular faffaɗa ce irin malafa, an karya ta gefe ɗaya an maƙale, kuma ya ce a ƙasarsu ba ƙaramin abu ba ne soja ya ba da ita. Sada ya ce masa ko da jirgin sama zai haɗa ba zai bayar ba, uwarsa ce ta ɗinka. Baturen ya ciro hoton tasa uwar ya nuna masa, daga nan suka zama abokan shan shayi. Sada ya yi ta kwaikwayon yadda yake karya hular yana tafiya, har masu wucewa suka tsaya kallo. Sai da na yi wa hular nan wanki uku a hankali kafin ta dawo hayyacinta, na kuma ce masa in ya sake fita da ita daga Daura ni da shi ne.

Ya ji maganar. A tsakani ya yi aure, ya auri wata yarinya mai kunya, Murja, 'yar wani malamin makaranta. Ba su cika shekara ba aka sake kiran su Sudan ɗin. Da kaka ne. Juma'arsa ta ƙarshe a gari, daga masallaci suka biyo ta nan shi da babansa. Ya cire hular daga kansa, da ɗuminta da gumin ranar, ya miƙo mini. Na juya zan jefa ta cikin na jiƙo, sai ya riƙe mini hannu.

"Kawu, kada ka wanke ta yanzu. Kai da bakinka ka ce sitaci in ya kwana biyu kyankyaso ke ci. Ajiye mini ita haka. In ka ji ina hanya, sai ka wanke, in zo in same ta tana ƙamshin guga."

Na tambaye shi wa zai faɗa mini yana hanya. Ya nuna babansa da haɓa ya ce Baba zai zo da kansa ya ce a wanke. Malam Rabe ya gyaɗa kai. Na naɗe ta a cikin tsohon zanen atamfa, don leda tana sa hula gumi, na ɗora ta a saman kantar rumfa. Sada ya tafi kansa ba hula, kunnuwan nan a waje, yana waiwayowa yana ce mini in rage cin gyaɗa kafin ya dawo.

Da sanyi labarin ya zo. Wasu sojoji biyu suka zo gidan Malam Rabe da jakar Sada da agogonsa. Sun ce an yi wa motarsu kwanton ɓauna a hanyar rakiyar masu kai abinci, shi da wasu abokan aikinsa suka rasu, an kuma yi musu sutura an binne su a can da girmamawa irin ta soja. Shekarunsa ba su kai talatin ba. Ranar na rufe rumfa, ban iya taɓa ruwa ba.

Na je gidan da niyyar ta'aziyya, na tarar ba a shimfiɗa tabarma ba. Malam Rabe ya hana. Ya ce shi ba ya ja da ikon Allah, amma bai ga gawa ba, bai wanke ba, bai sa a ƙasa ba, don haka ba zai zauna a yi masa gaisuwar ɗan da bai tabbatar ya mutu ba. Yana da abin da ya riƙe. Shekarun baya an yi wani mutumin Sandamu da aka ce ya mutu a yaƙin Laberiya, har an raba gadonsa, sai ga shi ya sauka a tasha da ƙafafunsa. Kowa a ƙasar nan ya san labarin. Liman ya yi masa magana, 'yan'uwansa sun yi, ya saurare su tsaf, washegari ya ɗauki sandarsa ya tafi kara.

Murja ta yi takabarta a ɗakinta, mata suka tsaya mata a kan haka. Ta gama da bazara. Iyayenta suka aiko a ba su 'yarsu, Malam Rabe ya ce matar mutum ce, mijinta yana bakin aiki, ba za a taɓa ko tsinke a ɗakin nan ba. Mahaifinta mutum ne mai kawaici, ba ya son ya kai surukinsa gaban alƙali a kan irin wannan. Yarinya ta zauna a tsakani, ita ba matar aure ba, ita ba bazawara ba. Shi kansa dattijon ya rame, rigarsa ta yi masa yawa, a kara ma an ce yakan tsaya ana ciniki hankalinsa na wani wuri.

Duk Alhamis yana kawo mini tasa hular ta Juma'a. In ya miƙo sai ya ɗaga kai ya dubi saman kanta ya ce, "Tana nan?" In ce tana nan. Shi ke nan, sai ya juya.

Ƙanen Malam Rabe ya same ni har sau biyu. Ya ce tunda duk gari an san zancen hular nan, in wanke ta kawai in goge in kai gida a gaban mutane, wataƙila in ya gan ta a wanke zai sallama. Na gane nufinsa alheri ne, tausayin Murja ma yana damuna. Amma na ce masa ba zan iya ba. Mai hula ya ce sai babansa ya ce a wanke, babansa kuma bai ce ba. Ya ce mini mai hular ai ya mutu, wace doka kuma ta rage. Na ce to shi ya sa ma ba zan karya ta ba, tunda ba zai dawo ya canza maganar ba. Ya tafi yana jin haushina, kuma ban ga laifinsa ba.

Sai ga shekarar ta zo da abin da ban taɓa gani ba tun ina yaron Kawu. Ƙaramar Sallah ta faɗo tsakiyar damina, daminar kuma mai nauyi. A goman ƙarshe na azumi, lokacin da kowa ke kawo hularsa, rana ta ɓuya. Kullum sama a rufe, in ba ruwa ba yayyafi. Hula in ta sha sitaci ba ta bushe da wuri ba, tsami take yi, daga tsami sai funfuna. Na hura gawayi a kasko na jera kan itace kewaye da shi ina juyawa, hayaƙi ya ɓata wasu, wasu suka ƙone a baki. Kwanon rumfa ya fara yoyo ta wuri uku. Mutane suna zuwa suna komawa hannu wofi, wasu da zagi. Wani ɗan siyasa ya kwashe nasa a jiƙe ya aika da su Kano. A shekarar na rasa mutanen da na yi shekaru ina yi wa aiki, kuma masu wanki biyu a garin nan suka bar sana'ar suka koma acaɓa.

Duk rani ina sauko da hular Sada ina ba ta iska. Da damina ta yi ƙarfi na mayar da ita cikin akwatin ƙarfe, amma danshi ba ya neman izini. Bayan Sallah da 'yan kwanaki na buɗe zanen, sai na ga ɗigo-ɗigon baƙi sun bi bakin hular, daidai inda gumin ya zauna. Na ja zare ɗaya da farce a hankali, na ji ya fara laushi. Ku da kuke ganin dauɗa ba ta komai, ku sani gumi gishiri ne, in ya haɗu da danshi cin zare yake yi. Na san in aka ƙara mako guda ko biyu, ɗinkin Dije zai fara zubewa, ba kuma mai iya mayar da shi.

Ran Alhamis da Malam Rabe ya zo ya ce tana nan, sai na jawo akwatin ƙarfen. Na ciro ta na buɗe a gabansa, na nuna masa tabon, na sa shi ya taɓa zaren. Na ce masa ni ba zan sa ta a ruwa ba sai ya ce, ko da za ta ruɓe a hannuna. Amma gaskiyar aikina ita ce hular nan ba za ta ƙara iya jira ba. In an wanke ta yanzu za ta tsira, in an bar ta za a rasa ta.

Ya daɗe yana juya ta. Ya bi gefen nan da ɗinkin ya saki da babban yatsansa. Ya kai ta kusa da fuskarsa, na kawar da kai na shiga gyara gawayin da ba ya bukatar gyara. Da na juyo ya ajiye ta a kan benci ya tafi, ko tasa hular bai bari ba.

Washegari da hantsi ina share gaban rumfa sai ga shi. Rana ta ɗan leƙo a karon farko cikin kwanaki. Ya zauna, ya naɗe hannun rigarsa har gwiwar hannu.

"Lawal, a wanke ta. Amma ni zan wanke. Kai dai ka nuna mini."

Na kawo baho mai tsabta. Ya ce ruwan ya zama mai ɗumi, kada ya yi zafi kada ya yi sanyi. Na matsa lemun tsami a kan tabon, na ba shi buroshi mafi laushi da nake da shi, na kama hannunsa na nuna masa yadda zai bi ɗinki. Hannun da ya saba riƙe igiyar bijimi ne, amma ban taɓa ganin wanda ya lallaɓa hula kamar yadda ya lallaɓa wannan ba. Funfunar ta fita, gumin ya fita, ruwa ya yi ja-ja sannan ya yi fari.

Na ɗauko bokiti zan ɗauraye, sai ya ce in ba shi buta. Ya sa hannu a aljihu ya ciro ƙullin ganyen magarya, ya murza a ruwa. Ya yi bisimilla, ya kwantar da hular a tafin hannunsa, ya fara zuba ruwa ta gefen dama, sannan hagu. Ya sake. A na uku ya ciro ɗan ƙullin kafur ya marmasa a cikin butar. Sai a lokacin na gane abin da yake yi. Duk wanda ya taɓa tsayawa wurin wankan gawa ya san wannan tsarin. Ni ba malami ba ne, ban san ko akwai haka a littafi ba, ban kuma tambayi kowa ba har yau. Na dai tashi na tsaya ta bakin hanya na ba shi baya, don masu wucewa kada su tsaya kallo. Ina jin muryarsa ƙasa-ƙasa yana nema wa Sada gafara, yana kiran sunansa da na Dije. Hawaye na zuba mini, na bar su.

Da ya gama, hannuna da kansa ya kai ga kan itacen Sada, mai lamba ashirin da biyu da rabi, ɗayan hannun kuma ya jawo tukunyar sitaci. Aikin shekaru ne, jiki ya saba. Malam Rabe ya girgiza kai.

"Bar shi, Lawal. Ba sauran kan da za ta hau."

Na mayar da itacen wurinsa. Muka shimfiɗa ta a kan farin ƙyalle a inuwar dalbejiya, muka zauna muna gadinta kada akuya ta zo. Can ya tambaye ni ko gaskiya ne yaron yana cinye mini gyaɗa, na ce gaskiya ne, har da sitaci yake sha. Ya yi 'yar dariya, ta farko da na gani a fuskarsa tun sanyi. Kafin azahar ta sha iska. Ya ciro sabon farin yadi daga cikin rigarsa ya naɗe ta. Ya ce zai kai wa Murja, ita ta fi cancanta ta riƙe ta, in ta tashi tafiya gidansu ta tafi da ita.

Har ya kai bakin hanya ya dawo. Na zaci wani abu ya manta. Ya dubi dogon bencin nan da kuke zaune a kai, ya ce ko zan ara masa shi na kwana uku, don tabarmin gidansa ba za su ishi mutane ba, kuma akwai tsofaffin da ba sa iya zama ƙasa.

Ni na ɗauki gefe ɗaya, shi ya ɗauki ɗaya, muka bi ta cikin gari da shi. Duk wanda ya gan mu ya gane, ba wanda ya tambaya. Kafin mu kai ƙofar gidan, mutane sun fara biyo mu a baya. Muka ajiye bencin a gindin katanga, Malam Rabe ya zauna a kan tabarma ya miƙo mini hannu, ni na fara yi masa ta'aziyyar ɗansa.